Ranar da Sule Ya Cire Ni Daga Raga

Shekara ashirin da shida ke nan da muka kai Sule Koci makwancinsa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don ni ba marubuci ba ne, tsohon direba ne da ya ajiye sitiyari. Abin da ya taso ni shi ne gardamar da na tarar ana yi a teburin mai shayi nan Ƙofar Jatau makon jiya. Wata babbar ƙungiya ce golanta ya daina kamu, wasa huɗu a jere ana zura masa ƙwallo. Wasu na cewa a ajiye shi a benci tun kafin ya ƙarasa su, wasu na cewa mutumin da ya yi shekaru yana riƙe musu raga bai cancanci haka ba. Aka juyo kaina don an san na taɓa tsayawa a raga. Na kurɓi shayina na ce ban kalli wasan ba. Ƙarya na yi, na kalla, kuma na ga kaina a cikin mutumin nan.

Ni da Sule tare muka tashi, shekara ɗaya tak na ba shi. Shi tela ne, ni ina tuƙa motar wani ofishi. A shekarun alif ɗari tara da tamanin muna da ƙungiyar ƙwallo a unguwa wadda ta kai ga buga gasar jiha, muna atisaye a wani fili ta wajen Kufena bayan la'asar. Ni ne gola. Sule gwiwa ta hana shi wasa da wuri, sai ya zama koci, kuma ya iya. Bakinsa ba ya shiru. Idan ɗan baya ya yi sakaci, har mai tallar rake a bakin hanya sai ya ji sunan kakansa.

Sai ya auri ƙanwata Binta, daga nan abu ya rikice. Mutumin da muka yi dambe a kan goriba, muka ci tuwo a kwano ɗaya, rana ɗaya ya daina ce mini Garba, ya koma kirana Yaya. Ya daina zama a tabarma ɗaya da ni. In na shigo majalisa sai ya gyara hula ya rage murya. Na yi masa tsiya har na gaji, ya ce shi haka ya ga ana yi wa yayan mata a gidansu, ba zai fara sauya wa ba a kaina. A gida wannan ba laifi. A fili kuwa abin dariya ne: zai gama surfa wa mutum goma masifa, sannan ya juyo wajena ya sassauta murya ya ce, "Yaya, da za a ɗan matso gaba kaɗan." Yaran ƙungiya har kwaikwayonsa suke yi in ya ba da baya.

A shekarar da nake ba da labari, idona ya fara yi mini wasa. Na kusa ina gani sarai, amma in aka buga ƙwallo daga nesa, musamman in rana ta yi ƙasa, sai ta zo kusa sannan in gane inda ta nufa. Ban gaya wa kowa ba, ko matata. Ba don ƙwallo kaɗai ba. A ofishinmu, direban da aka ji labarin idonsa ya samu matsala, to ya fara haɗa kayansa, ga ni da iyali da tsohuwa a gida. Na yi ta ce wa kaina gajiya ce, za ta wuce.

Ba ta wuce ba. Aka ci mu wasa biyar a jere, kuma yawancin ƙwallayen irin waɗanda a da nake kamawa ina hira da 'yan baya ne. Muka gangaro ƙasan tebur, saura ƙiris a sauke mu daga rukunin da muka sha wahala kafin mu hau. Muna da wani gola, Iliya, kafinta daga Wusasa, mutum mai haƙuri da ya shekara biyu yana ɗumama benci bai taɓa ɓata rai ba. Kowa ya san abin da ya kamata a yi, kowa kuma ya san dalilin da ba a yi ba. 'Yan kallo suka fara yi wa Sule ihu cewa ƙungiya ta zama gidan surukai. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi nake ji. Na san ba zai iya buɗe baki ya ce in zauna ba, na laɓe a bayan kunyarsa na yi shiru.

Wata Juma'a da hantsi ina wanke mota a ƙofar gida, aka yi sallama. Sule ne, cikin babbar riga, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka shiga zaure. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ni gaisuwar suruki, ya tambayi tsohuwa, ya tambayi yara. Sannan ya tsura wa tabarma ido, har na ce masa lafiya?

Ya ce, "Yaya, shekaranjiya a wajen atisaye na tsaya a tsakiyar fili na ɗaga muku hannu sau uku. Ba a amsa ba."

Na ce hankalina na kan ƙwallo.

Ya ce, "Ba a buga ƙwallo ba lokacin, Yaya. Ni ake kallo." Ya ci gaba da cewa, "Gobe Iliya zai kama. Kuma don girman Allah a je a ga likitan ido. Ƙwallo wasa ce, amma ana ɗaukar mutane a mota."

Ban manta abin da na mayar masa ba, kuma ba zan rubuta shi a jarida ba. Ya isa in ce na tuna masa wanda ya tsaya masa har aka ba shi Binta. Bai ɗago kai ba. Da na gama ya ce a yi haƙuri, ya tashi ya ɗauki takalminsa a hannu, sai da ya fita waje sannan ya saka.

Da a ce Iliya ya shiga ya kama kamar aljani, da magana ta mutu a ranar. Sai aka zura masa biyu a wasan farko, aka sake cin mu. Waɗanda suka yi ta ihun a cire ni, su ne suka juya suka ce Sule ya wulaƙanta yayan matarsa a banza, wai dama akwai wata jiƙaƙƙiya a tsakaninmu yake neman hanyar ramawa. Dattawa suka kira shi suka yi masa faɗa. Binta ta yi sati uku ba ta yi masa magana sai gaisuwa. Kalma ɗaya za ta wanke shi, ya ce idon Garba ne ya samu matsala, shi ke nan. Bai faɗa ba. Duk wanda ya tambaye shi, amsar ɗaya ce: shawarar koci ce. Daga baya Iliya ya zauna daidai, muka tsira da kyar a wasan ƙarshe, amma lokacin labari ya riga ya zauna a bakin mutane.

Ni kuma na hau mota a ɓoye na je wani gari aka duba ni, aka ba ni tabarau. Na dawo na ce na karatu ne. Na ci gaba da tuƙi lafiya har na yi ritaya, na aurar da 'ya'yana da wannan aikin. Amma shekara biyu cur ina sauya hanya in na hango shagonsa. Sai da Binta ta haifi namiji aka raɗa masa sunana, Garba, sannan kunya ta kai ni gidan. Muka gaisa, muka koma zumunci, har ya riƙa ɗinka mini kayan Sallah ba tare da ya auna ni ba. Maganar zauren nan dai ba mu sake taɓa ta ba har ciwon da ya ɗauke shi ya kwantar da shi. Na yi ta zuwa dubiya da niyyar in faɗa, in na zauna sai in ɓige da labarin damina.

Nakan tambayi kaina me Sule zai ce da ya ga yadda ake yi yanzu. Yau ɗan wasa a waya yake jin an ajiye shi, kafin ya isa gida dubban mutanen da ba su san shi ba sun gama zaginsa, sun tono ciwonsa da rikicin gidansa sun baza. Ina jin da ya ji daɗin kallon wasa a babban allo, don mutum ne mai son ya ga inda kowa ya tsaya. Sauran kuwa da ya yi tsaki ya koma kan keken ɗinkinsa. Game da golan da ake gardama a kai, na san amsarsa, tun da a kaina aka gwada ta: a cire shi. Mutum goma ba za su yi ta gudu minti casa'in a banza don ana jin nauyin mutum ɗaya ba. Amma wanda zai cire shi ya taka da ƙafarsa ya same shi a gida, ya faɗa masa gaskiya su biyu, abin da ya gani kuma ya bar shi a cikinsa.

Filinmu na Kufena an yi gidaje a wajen, ƙungiyar ta watse tun tuni, kofi ɗaya ba mu bari ba. Abin da ya rage shi ne a majalisar tsofaffi har yau akwai mai cewa Sule mutumin kirki ne, sai dai abin da ya yi wa Garba. Nakan ji in yi shiru, kamar yadda na saba. Ranar sadakar arba'in ɗinsa Binta ta same ni a tsakar gida ta ce, "Yaya, har ya rasu bai gaya mini abin da ya haɗa ku ba. Me ka yi masa ne, ko me ya yi maka?" Na ce mata ya wuce, a yi masa addu'a.

Bai wuce ba. Sule bai yi mini komai ba sai rufin asiri, ni ne na bar shi da baƙin jinin da ba nasa ba, yana raye da bayan ransa. Ina kewarsa, ina kuma jin kunyarsa fiye da duk wadda ya taɓa ji tawa. Allah ya jiƙansa, ya rufa masa asiri a can. Binta ba ta karanta jarida, idonta ma ya yi rauni yanzu. Ranar da wannan ya fito zan je gidanta da kaina, in zauna a gabanta, in ba ta amsar tambayar da ta yi mini.