Bikin 'Yata a Dandamalin Citta

Shekarar da 'yata za ta cika goma, ta ce tana son a yi mata bikin ranar haihuwa irin wanda ake yi wa 'yan ajinsu. Tun tana ƙarama ƙafafunta ba su taɓa ɗaukarta ba, a keken guragu take zuwa ko'ina. Abu biyu ta roƙa. Na farko, a gayyaci ƙawarta ta Fadan Kaje, wata yarinya mai keke irin nata da suka saba a layin gashin ƙashi a asibiti. Na biyu kuwa sai da uwarta ta fita tsakar gida sannan ta faɗa mini.

"Baba, ranar nan kada kowa ya ɗauke ni. Ina so in shiga da kaina."

Na ce mata to, ban ma tsaya tunani ba.

Gidan hayarmu a Kafanchan matakala uku gare shi, ga lambatu a ƙofa, don haka ba a ma kawo maganarsa ba. Na yanki igiya daidai faɗin kekenta na sa a aljihu, na fara yawo. Zauren majami'armu matakala biyar. Dattijon da ke riƙe da makulli ya ga ina ƙirgawa, ya yi dariya.

"Malam, ai ba matsala. Matasa suna nan, su ɗaga ta da keken gaba ɗaya."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na gode masa na fito. Wani lambun shaƙatawa da aka nuna mini tsakuwa ce shimfiɗe tun daga ƙofa, taya ba ta tafiya a kai. Wani wurin kuma komai lafiya sai bayan gida. Na miƙa igiyata a ƙofarsa, ta fi ƙofar da kusan taƙi guda. Mako biyu ina dawowa gida, 'yata ta dube ni, in ce ana nan ana dubawa.

Matata ce ta tuna da wata gwauruwa a zumuntar mata, wadda mijinta ya bar mata dandamalin siminti na shanya citta a bayan gida. Da damina babu abin da ake yi a kansa. Daidai yake da ƙasa, ba ko tudu ɗaya. Muka wanke shi, amma ƙamshin citta bai fita ba. Muka kafa rumfa, kafinta ya ƙara wa tebur ƙafa don gwiwoyin yaran biyu su shiga ƙarƙashi. Matata ta tsara wasanni na zaune: jifan ƙwallo cikin bokiti, kacici-kacici, waƙoƙin makarantar Lahadi. Bayan gida ne kawai ya gagare mu, na gidan rami ne a wani lungu. Muka yi shiru a kan maganar, ni da matata, kowa yana jiran ɗayan ya kawo dabara.

Ranar Asabar ɗin bikin, 'yata ta tura kekenta da hannunta tun daga bakin hanya har gaban tebur, yara suna tafi. Wannan kam na gani da idona. Fasto ya yi addu'a, aka zuba dafa-duka.

Wasannin zaune ba su kai rabin awa ba. Wani ya kunna kiɗa, yaran suka watse daga tebur suka hau rawa da guje-guje a kan ciyawa, inda ƙasa ta jiƙe. Yara ne, me zan ce musu? Na kira biyu suka dawo, suka tsaya kusa da 'yata kamar an ba su horo, sai ta ce su tafi abinsu. Na kawo mata zoɓo mai sanyi, wanda ta fi so.

"Ba na jin ƙishi, Baba."

Leɓunanta a bushe suke. Matata ta raɗa mini cewa tun safe ta ƙi shan ko ruwa, don kada ta buƙaci zagawa. Na tsaya da kofin a hannu, ban san inda zan ajiye shi ba.

Wajen ƙarfe uku uwar ƙawarta ta kira. Tun hantsi suke tasha. Keken yarinyar irin na maƙera ne, ba ya naɗewa. Direba ɗaya ya ce but ɗin motarsa ya cika da buhuna, wani ya ce sai dai a ɗaura shi a sama, da ya ga hadari kuma ya fasa. Sun koma gida. Na ce bari in nemo mota in zo, ta ce kafin in iso in dawo an tashi. Gaskiya ta faɗa. Na miƙa wa 'yata wayar, ta juya kekenta ta ba mu baya, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Wurin da muka bar wa ƙawar a gefen 'yata, sai wata goggonta ta jawo kujera ta zauna. Aka yanka kek kafin ruwa ya sauko.

Washegari bayan sujada na naɗe yankin kek guda a leda na shiga mota zuwa Fadan Kaje, ni kaɗai. Na sami yarinyar a ƙofar ɗaki sanye da rigar da aka ɗinka mata don bikin, uwarta ta ce da ita ta je majami'a. Yarinyar ta karɓi kek ɗin da hannu biyu, ta ci kaɗan, ta rufe sauran.

"Baba, nawa a watan Disamba ne. Za ka kawo ta?"

Na dubi uwarta, ita kuma ta sunkuyar da kai tana gyaran zani. Na ce, "In Ubangiji ya yarda." Sai yarinyar ta tambaye ni kalar balan-balan ɗin da aka rataya, na zauna a kan turmi na shiga faɗa mata.