Takalman Ƙofar Zauren Malam

Jiya bayan la'asar na ga takalma sun hau kan juna a ƙofar masallacinmu na Arkilla, sai zuciyata ta koma Gidan Dahala, zauren Malaminmu mai ƙamshin turaren wuta da sabuwar tabarma. Ɗabi'arsa ce, in muna zikiri, ya sulale waje ya jera takalman baƙinsa da hannunsa, ya juya bakinsu wajen titi don kowa ya zura ƙafa ba wahala.

Ranar da aminina ya auri yarinyar da na daɗe ina mafarkinta, na je wurin Malam idona jajir. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ni da shi mun rabu har abada."

Ya yi murmushi. "Ɗana, ita ta san kana sonta?"

Na sunkuyar da kai. A zuciyata kaɗai muka yi soyayyar.

"To mi abokinka yay yi maka?"

Da na fito, takalman kowa na kallon titi, nawa kaɗai ke kallon lungun gidan ango. Daga cikin zaure na ji muryar Malam: "Tahi, tun shinkafar walima ba ta huce ba."

Na tafi. Jiya aminin nan ne a gefena cikin sahu, furfura ta fara fito mana. Muka duƙa tare muna jera takalman jama'a.

Ya Allah, yadda Malam ya daidaita mana hanya, Ka shimfiɗa masa tasa har cikin Aljanna.