Tarin Baba da Tarin Akawal

Ina shago a Kano, ranar Laraba da hantsi, ƙanena Sabi'u ya kira ya ce Baba ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin azahar na isa ƙauyenmu a ƙasar Makoda, muka raka shi gidansa na gaskiya.

Duk wanda ya san Malam Ado ya san Akawal, tsohon baƙin dokinsa. Kowace damina, da gero ya yi bununi, iska ta fara kwaso garin furen zuwa wurin kiwo, sai Akawal ya kama tari, hanci na zuba, numfashi da ƙyar. A makon ne Baba ma yake kama nasa, amma bai taɓa yarda ba. In Inna ta jiyo tari ta ce, "Sannu, Malam," sai ya ce, "Dokin ne." Haka yake faɗa ko da dokin yana can bakin fadama.

Sau uku yana ɗauko wa Akawal likitan dabbobi a babur, shi kuwa asibiti ko da rakiya ba ya zuwa. Yakan ce, "Ni ina da bakin faɗa, shi ba shi da shi." Bakin nan kuwa har ya koma ga Allah bai faɗa ba.

Harawa sai ya yayyafa mata ruwa kafin dokin ya ci, don kada ƙura ta shige shi. Shekarar korona ya yanki sabon zanen Inna ya ɗinka masa takunkumi. Akawal ya tauna shi tas, Inna ta yi kwana uku ba ta kula su duka biyun ba. Gaskiya mu 'ya'yansa mun yi kishin dokin nan.

Bayan sadakar uku muka zauna a tsakar gida, aka ce a sayar da shi, tunda babu mai haƙurin wannan hidima. Ni ma na goyi baya. Muna cikin magana Akawal ya yi tari daga turke. Daga ɗakin takaba muka ji muryar Inna: "Sannu, Malam."

Kowa ya sunkuyar da kai. Sabi'u ya tashi ya ɗauki bokiti ya nufi harawa, maganar sayarwa kuma ba ta sake tasowa ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa tausayin da ya yi wa dabba ya zame masa haske a kabari. Allah Ya ba Inna haƙuri, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe abin da ya bari.