Shari'ar da Aka Ɗage Ba Rana

Latin ɗin da na sani bai taka kara ya karya ba, kuma duk a barandar kotu na koye shi, a shekarun da Yayana yake tsare.

Yaya manomi ne a Ruwan Godiya. An kama shi ne a wani shingen jami'an tsaro kan hanyarsa ta dawowa daga kasuwar Sabuwa, da jarkar fetur a bayan babur. Na injin ban-ruwa ne, yana da tumatir a fadama. Amma lokacin an hana ɗaukar mai a jarka, sai aka ce 'yan bindiga yake kai wa.

Ni kaɗai na yi boko a gidanmu, ina koyar da Turanci a wata firamare a Ƙanƙara, don haka ni na zama kunnen mahaifiyarmu. Inna ba ta taɓa yarda an tafi kotu an bar ta ba. Takan zauna gefena da carbinta, duk wanda ya buɗe baki sai ta taɓa ni ta ce, "Mi ya ce?"

Lauyan da muka samu matashi ne mai kirki, kullum cikin sauri. Ranar farko ya ce zai nemi habeas corpus. Na ce ban gane ba. Ya ce ai Latin ne, da Turanci "produce the body". Ni kuwa gawa na ɗauka yake nufi. Da ya ga fuskata sai ya ce a'a, nufinsa a fito da mutum da ransa gaban alƙali. Na faɗa wa Inna za a kawo Yaya. Ta yi hamdala, ta koma gida ta soya gyaɗa.

An kuwa kawo shi, bayan mun sha zuwa muna komawa. Ya rame, rigar da aka kama shi da ita ce a jikinsa. Ya ɗaga mana hannu daga nesa. Ba a bari gyaɗar ta kai gare shi ba.

Daga nan kalmomi suka yi ta zuwa. Mai gabatar da ƙara ya ce akwai prima facie, wato a kallon farko da alamar laifi. Inna ta ce, "To su yi kallo na biyu mana."

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta ranar da sheda bai zo ba, alƙali ya rufe takardu ya ce an ɗage sine die. Na tare lauya a bakin mota. Ya ce, "Without a day, Malam." Ya kawar da kai.

Inna na jira a inuwar darbejiya. Ta ce, "Yaushe za mu dawo?"

Na ce, "Ba su sa rana ba, Inna."

"Bayan Sallah?"

"Ba rana gaba ɗaya."

Ta kalle ni ta ce, "Ko mutuwa ai tana da rana, ɗan nan." Muka hau motar Faskari, muka kama hanyar gida. Na san fassarar kowace kalma, amma ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Damina biyu ta wuce. Wata safiya ina cikin aji lauya ya kira ya ce an shigar da nolle prosequi: hukuma ta fasa bin ƙarar. Na tambaye shi ko hakan na nufin an wanke Yaya. Ya ce a'a, an dai bari ne kawai.

Yaya ya dawo da tarin da har yau bai rabu da shi ba. Fadamar ta gagari zuwa saboda 'yan bindiga, mutanen wajen sun watse. Yanzu yana zaune wurina a Ƙanƙara, yana taya wani maƙwabci jiran shago. Idan ya shiga masallaci, akwai waɗanda har yanzu sukan ɗan matsa nesa da shi.