Shanun Dara da Hasken La'asar

Shekarar da aka tura ni koyarwa a firamaren Sara, lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko, a shagon ƙofar gidan wani dattijo aka sauke ni. Asalinsa mutumin ruga ne, amma fari ya cinye masa garke 'yan shekaru kafin zuwana, ya dawo gari yana noman gero. Ban taɓa jin ya yi zancen shanun ba. Dara kawai yake yi a gindin tsamiya bayan azahar.

Kowa da tsinke ko tsakuwa yake dara, shi kuwa da shanu. Guda goma sha biyu ya gina da yumɓu, kowace ba ta wuce babban yatsa ba, ya gasa su a murhu, ya shafa musu fenti da gashin kaza. Ragowar fentin masu zanen manyan motoci ne a Birnin Kudu suke ba shi. To, fentin nan shi ya tsone mini ido. Kowace saniya ɓarinta ɗaya ja ne kamar manja, tozo da ƙaho sai ka ce sun kama wuta, ɗaya ɓarin kuma shuɗi ne mai duhu har ƙarƙashin ciki. Ni da na fito daga kwalejin horon malamai, ga takarda ga taurin kai, nan take na yanke hukunci: ko fenti ne bai ishe shi ba, ko yanar da ta fara rufe masa ido ce take yaudararsa. Ai kowa ya san shanun ƙasarmu farare ne.

Mutumin nan ya riƙe ni kamar ɗansa, kullum da furata a ƙwarya, kuma na rasa da me zan saka masa. Ranar kasuwar Gwaram da ya tafi, na ɗauko shanun daga cikin jakarsa, na kawo farin fentin mai da ya ragu a aikin makaranta, na shafe su fes ɗaya bayan ɗaya. Na jera su a kan katanga su bushe, ina ta jin kaina.

Bayan la'asar ya dawo. Ya jingine kekensa, ya matso da fuskarsa dab da katangar, ya bi shanun da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, aikin wa ke nan?"

"Ni ne, Baba. Na ga fentinka bai isa ba."

"Allah ya yi maka albarka," ya ce. "Amma ai ka mayar mini da su shanun tsakar rana."

Ban gane ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta wajen yamma, ya ce in duba da kyau. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya kwanta a tozon farar saniyar ya mai da shi ja, ɗaya ɓarin kuwa inuwa ta rufe shi. Daidai yadda ya zana su da farko.

"Da tsakar rana suna daji, wa yake ganinsu?" ya ce. "Ni lokacin shigowarsu ruga na yi, 'yan maruƙa suna kuka, uwayen suna amsawa. A nan nake so su tsaya."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Na gwada kankare fentin da wuƙa, ƙahon ɗaya ya ɓalle, na bari. Shi kuma idonsa ba zai ƙara iya aikin ba. Sai ya miƙo mini gashin kazar.

Kusan sati biyu muka yi, kullum saniya ɗaya, kullum bayan la'asar. Mu ɗora ta a katanga, in bi inda rana ta taɓa da ja, in bi inda ta bari da shuɗi, yana tsaye a kaina yana faɗa. "Ka cika ja, Malam, ba gobara ba ce!" A nan ne bakinsa ya buɗe. Wannan baƙin kunne gare ta. Wannan harbi take yi in baƙo ya zo tatsa. Wannan da ita aka yi sadakin matarsa. Ashe babu wadda ya gina da ka, kowace ya san ta.

Da muka gama goma sha ɗaya, na kai hannu kan ta ƙarshe, mai karyayyen ƙahon nan, sai ya riƙe mini hannu.

"Bar wannan yadda ka yi ta. Ita ce ta ƙarshe da ta rage mini. A bakin busasshiyar rijiya ta faɗi, rana tsaka, ina tsaye. Ba ta shigo ruga ba. Dama ƙarya na yi mata da na shafa mata hasken la'asar."

Har na bar garin da ita yake dara, fara fat a tsakiyar sauran, kuma ita yake fara ajiyewa a gurbi.