Don Casimiro da Gonar da Ya Ƙi Aunawa

A ƙauyukan da ke kewaye da garin Oberá, duk wanda ya shuka fino, bishiyar katakon nan mai ganye kamar allura, ya san ranar da Don Casimiro Sawicki zai shigo masa gona ba ranar jin daɗin kunne ba ce. A can "Don" laƙabin girmamawa ne. Shekara talatin yana aikin auna gonakin fino yana faɗin darajarsu. Da dakon gungume ya fara a wurin yankan katako tun yana ɗan sha biyar. Can ya bar rabin yatsansa ɗaya, can kuma ya koyi duban bishiya a tsaye ya faɗi abin da za ta bayar in ta kwanta.

Hanyarsa ɗaya ce. Zai shiga gona ya cilla malafarsa ta bayansa ba tare da ya waiga ba. Inda ta faɗi nan zai kafa turke, ya ja igiya ya zagaye, ya auna kaurin kowace bishiya da ke ciki daidai ƙirji, ya kimanta tsayi. Ya yi haka wuri biyar ko shida, sannan ya faɗi darajar gonar baki ɗaya. Ya ce malafa ba ta da son kai. Mai gona kuwa, in ka biye masa, bakin hanya zai kai ka, inda bishiyoyi suka sha rana suka yi ƙiba.

Hukuncinsa ma kusan ɗaya ne: "Sun cunkushe. A sare ɗaya cikin uku, sauran su numfasa. In ka rage yanzu, nan da shekara goma masu katako har gida za su biyo ka. In ka bari, sai kamfanin takarda, abin da za su ba ka ko hayar mota ba zai biya ba." Ya taɓa ce wa maƙwabcinsa Anselmo Benítez, a ƙofar coci, gaban jama'a, shi ba gona ya shuka ba, tsintsiya ya shuka. Anselmo ya rage bishiyoyinsa, amma maganar tana nan a ransa.

To, wanzami dai ba ya son jarfa. Casimiro yana da tasa hekta huɗu a bayan gida, kuma ita ce abin da shi da matarsa Eufrosina za su ci da tsufa, ba su da wata. Shekara tara da shukawa, ba a taɓa sare ko ɗaya ba. Shekarar fari da bokiti ya raine su. Da rarrafe ya bi sawun tururuwa masu yanke ganye har raminsu. Yana son bishiyoyin nan, irin son da ke sa mai hankali wauta. Duk lokacin sanyi in Eufrosina ta tayar da zancen ragi, sai ya ce baɗi.

Wata safiya cikin Yuli, watan sanyi a ƙasarsu, ta fito da ƙoƙon shayin mate a hannu, ta hango shi ya rungumi wata ƙatuwa a bakin hanya yana murmushi.

"Tsoho, me kake yi nan?"

"Awo mana. Zo ki ga kauri, ke da kike ta ƙorafi."

"Ina malafar?"

"Ga ta a kaina. Ba kya jin sanyin ne?"

"Au, a gonar mutane ne take tashi sama, a gonarka sanyi take ji? Miƙo ta."

Kafin ya buɗe baki ta fizge. Ta kutsa cikin gonar taku ɗari, yana biye yana mita, ta cilla. Inda malafar ta faɗi duhu ne da rana tsaka, ko ciyawa ɗaya babu, sai busasshen ganye. Casimiro ya ja igiya. Wasu bishiyoyin bai ma wahalar da abin awo ba, hannu biyu ya haɗe a jikinsu har da ragi. Ta cilla na biyu, ta cilla na uku, duk kanwar ja ce.

Ya jima yana rubutu a bayan takardar ganyen shayi, sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "In ba a rage bana ba, kamfanin takarda za mu sayar wa."

"Me ka ce? Kunnena ya tsufa."

"Kin ji ni sarai, tsohuwa."

Washegari ya ɗauki jan fenti ya shiga sa wa na sarewa alama. Ta farko karkatacciya ce, amma ita ce ya ƙwato daga bakin tururuwa. Ta biyu kanta ya rabu biyu, amma ai tana ƙoƙari. Har rana ta take guda huɗu ya shafa wa fenti, su ma matattu ne tun bara. Eufrosina ta tsallaka shinge, ta nufi gidan Anselmo.

Anselmo ya iso da gwangwanin fentinsa, bakinsa har kunne. "Maƙwabci, an ce ana sayar da tsintsiya a gidan nan. Nawa ne ɗauri?"

"Shekara biyar kana ajiye da wannan, ko?"

"Shida. Kullum sai na goge ta kada ta yi tsatsa."

Amma da ya shiga, bai yi ramuwa ba. Karkatacciya, mai kai biyu, da wadda 'yan'uwa suka danne, su ya bi, daidai yadda Casimiro ya koya masa. Kwana huɗu injin zarto yana kuka a bayan gida. Casimiro ya ƙi leƙawa. Ya zauna a kicin yana ɓare rogo, ya ɓare na mako guda, har Eufrosina ta ce ko aladu sun ƙoshi.

Rana ta biyar ya shiga gonar. Haske ya sauko har ƙasa, iska tana ratsawa, ƙamshin ɗanyen itace ko'ina. Ya tsuguna gaban wani kututture ya share garin zarto da tafin hannu. Kowace shekara fino tana barin zobe ɗaya a cikinta. Ya ƙirga daga tsakiya: shida na farko kowane faɗin yatsa, na ƙarshe uku kuwa sun matse, farce ɗaya ya rufe su duka. Ya duba wani kututturen, ya duba na gaba, haka suke.

Anselmo ya ƙaraso da wata tsokanar a baki, ya ga fuskarsa, ya haɗiye.

"Duba nan," in ji Casimiro. "Shidan nan aikin ruwa ne da jar ƙasa. Ukun nan aikina ne. Ina cewa tausayinsu nake, ashe wuya na shaƙe musu."

"Za su rama, Don Casimiro. Ai yanzu sun samu wuri."

"Za su rama, amma ukun nan suna ciki har ranar da za a tsaga su katako." Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya kakkaɓe wando. "Nan da shekara biyar akwai ragi na biyu. Kada ka jira in kira ka. Ka zo da fentinka, ko da na sakar maka kare."