Tattabarun Gwaggo da Bututun Hayaƙinmu

Gidanmu a unguwar Utaibiyya ta Makka hawa uku ne. A ƙasa akwai shagon tsire da mahaifinmu ya bar mana, wanda yayana ke riƙe da shi. Daga murhun shagon wani dogon bututun ƙarfe ya bi bayan gini, ya wuce ta gefen tagar ɗakin Gwaggo a hawa na biyu, ya ɓulla saman rufi da 'yar hularsa. Mu a gida madahana muke kiransa, kamar yadda Larabawan unguwa ke faɗa. Duk hayaƙi da maiƙon naman da aka gasa ta cikinsa suke bi.

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce. Ba ta taɓa haihuwa ba, mu ne 'ya'yanta. Tun ina ƙarami na san ta da abu guda: da an idar da sallar asuba gari ya yi haske, sai ta ɗebi alkama a wani tsohon kwanon silba, ta hau matakala har rufi, ta watsa wa tattabaru. Tana hawa tana mita da gwiwoyinta, tana saukowa tana dariya. Ta san mai ɗingishi, ta san mai cin zali, har faɗa take yi musu da Hausa, wai tattabarun Makka duk yaren duniya suna ji.

Ni ne mai takardu a gidan. Yaya ya iya wuƙa da yaji, amma da ya ga rubutu ƙanana sai kansa ya fara ciwo. Don haka da muka yi wa ginin inshora, wadda a nan ake cewa ta'amin, ni na karanta yarjejeniyar daga farko har ƙarshe, na kuma yi ta taƙama da hakan. Na fahimci abin sarai. Idan gobara ko guguwa ta lalata bututun farat ɗaya, kamfani zai gyara. Idan kuwa sakaci ne, ko tsufa, ko datti da aka bari ya taru, babu ruwansu. Sharaɗinsu a kira masu wanke bututu duk shekara, a adana fatura, wato takardar shaidar aikin.

Gabanin wani azumi Yaya ya ce da ni, yana soke nama bai ko ɗago ba, “Ka kira masu wanke madahana kafin Ramadan. Ni ba ni da lokaci, wallahi.”

Na ce, “Halas, shi ke nan Yaya, ka bar shi a hannuna.”

Washegari na hau rufi don in duba. A lungun da hular bututun ta haɗu da katanga na tarar da sheƙa, tattabara kwance a kan ƙwai biyu, tana kallona da jan idonta. Ragar bakin bututun ta yage ta gefe ɗaya, 'yan tsinke har sun fara zubawa ciki. Masu wanki kuwa dole su cire hular, sheƙar ta tafi.

Wanda bai tashi a Makka ba zai ce mene ne abin tsayawa. Mu tun muna yara ake ja mana kunne cewa tsuntsun Harami ba a korar sa, ba a firgita shi, balle a taɓa ƙwansa. Unguwarmu kuma a cikin iyakar Harami take. Na taɓa shan mari a hannun mahaifinmu don na jefi tattabara da murfin kwalba. Saboda haka na sauko na ce a raina bari 'ya'yan su fashe su tashi tukuna. Wannan karon na farko, Allah ya sani, tsoronsa ne ya hana ni.

Sauran lokutan duk lalaci ne. 'Ya'yan suka tashi, ban kira kowa ba. Azumi ya shigo, aikina na ofishin jigilar alhazai ya yi yawa. Da na sake leƙawa na ga sababbin ƙwai, sai na ji wani sanyi a raina, don na sami hujja mai kama da ibada. Ban tambayi ko malami ɗaya mafita ba, alhali ɗaliban ilmi 'yan Kano suna cin tsire a shagonmu kusan kullum. Ina tsoron su ba ni amsa mai sauƙi.

Da Yaya ya tambaye ni, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, “An wanke.” Shekara ta zagayo ya sake tambaya, na sake cewa an wanke. Karo na biyu ko gabana bai faɗi ba.

Wata ranar Talata bayan la'asar, ina hanyar dawowa gida, maƙwabci ya kira ni yana ihu a waya. Maiƙon da ya daskare a cikin bututun ya kama da wuta, tsinken sheƙa ya ƙara mata ƙarfi. Kafin 'yan kwana-kwana su kashe ta, ƙarfen ya tsage daga tsakiya, hular ta faɗo kan titi, bangon ɗakin Gwaggo ya yi baƙi ƙirin, labulenta ya ƙone. Allah ya taƙaita, tana ƙasa wurin matar Yaya suna tsinke ganyen mulukiyya na miya. Babu wanda ya ji ko ƙwarzane. Aka rufe shago.

Bayan kwana uku ma'aikacin kamfanin inshora ya zo. Mutum ne mai ladabi. Ya hau rufi, ya zura hannu a tsagin bututun, ya fito da baƙin maiƙo mai kauri kamar kwalta, haɗe da ƙonannen tsinke da gashin tsuntsu. Muka sauko falo, aka kawo masa shayi. Ya dube ni ya ce, “Fen fatura? Ina takardar wanki?”

Na ce masu aikin 'yan bakin titi ne, ba su ba da takarda ba. Ƙarya ta uku ke nan.

Ya rufe fayil ɗinsa a hankali. Ya ce ba takarda, ga kuma sheƙar tattabaru a bakin bututu, wannan a wurinsu sakaci ne, kamfani ba zai gyara ba. Ya ƙara da cewa duk gidan da ake zuba hatsi a rufi, tsuntsaye ba sa rabuwa da shi.

Gwaggo tana zaune a bakin ƙofa. Larabcinta bai da yawa, amma kalmar tattabara ta shiga kunnenta. Ta tambayi matar Yaya me ya ce, aka fassara mata. Sai ta dafa ƙirji ta ce, “Innalillahi. Ashe ni ce. Ni na tara su da alkamata, na kusa ƙona muku gidan ubanku.”

Yaya ya ce, “Haba Gwaggo, ƙaddara ce. Ma'alesh, ba komai.”

Ni kuwa na sunkuyar da kai ina juya cokali a kofin da sukarinsa ya daɗe da narkewa. Gaskiya ta zo min har baki. Na haɗiye ta, don na fi jin kunyar Yaya a kan tausayin tsohuwar da ta goya ni. Har yau idan na tuna wannan zaman nakan tsani kaina.

Yaya ya sayar da motarsa aka kafa sabon bututu, aka yi wa ɗakin fenti, shago ya buɗe. Gwaggo kuma daga ranar ba ta sake taka rufi ba. Ta wanke kwanon silba ta kife shi a saman firiji. Da safe nakan ji tattabaru suna guɗa a kan katanga suna jira, ita kuma tana zaune a kan dardumarta da carbi, ta rufe taga. Sannu a hankali suka daina zuwa. Ta rage hira, ta rage cin abinci. Duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin yadda ta kusa jawo mana masifa, ni ina zaune ina ji.

Wata takwas na yi ina ɗauke da abin. Ranar da na kasa, na sami Yaya a shago kafin a hura gawayi, na faɗa masa komai. Na zaci zai zage ni, da ma ya zage ni ɗin. Ya daɗe yana goge wuƙa da tsumma, sannan ya ce, “Motata ba komai ba ce, ya akhi, ɗan'uwana. Ba ni za ka gaya wa ba. Hau sama.”

Na durƙusa a gaban Gwaggo na ce, “Gwaggo, ba ke ba ce. Ni ne ban kira masu wanki ba, shekara biyu, na kuma yi wa Yaya ƙarya. Na ji kina ɗora wa kanki, na yi shiru. Ki yafe min.”

Ta ajiye carbinta. Ta ce, “Kai ɗan nan, Allah ya shirye ka. Wata takwas?” Sai kuma ta ce, “Na yafe. Sauko min da kwanona.”

Washegari da safe na riƙe mata hannu muka nufi matakalar rufi. Ta taka ta farko, ta biyu, ta uku. A ta huɗu gwiwoyinta suka ƙi. Hawan nan na kullum ne ashe yake riƙe da ƙafafunta, zaman wata takwas ya cinye su. Ta zauna a wurin tana haki, ta miƙo min kwanon.

Tun daga ranar ni ke hawa. Nakan watsa alkamar a can nesa da bututu, wanda yanzu ake wankewa a kan kari, ragarsa kuma sabuwa. Ranar farko da na sauko na same ta a matakala ta huɗu tana jira. Ta ce, “Sun zo? Da yawa?”

Na ji bakina yana shirin cewa sun cika rufin. Na danne shi.

Na ce, “Uku ne kawai, Gwaggo.”

Ta ce, “Mai ɗingishin fa?”

Na ce, “Ba ta cikinsu.”